Sati Shida da Hannu Ɗaya

Zip ɗin ya tsaya a tsakiyar baya, daidai inda hannun hagu ba ya kaiwa. Sista ta karkace ta miƙa yatsu ta ƙasa, ta sake gwadawa ta saman wuya, sannan ta ja dogon tsaki. Hannunta na dama yana rataye a ƙirji cikin wani tsohon gyale da ta ƙulle a bayan wuya, kuma ta sha alwashin ba za ta kwance shi ba sai ta gama shiri tsaf.

Kwana goma sha ɗaya ke nan tana wannan gwaji. Kullum da safe kafin ta fita aiki sai ta ɗaure hannun, don ta ga iyakar abin da mace za ta iya yi wa kanta da hannu guda in babu kowa a gida. Goge baki an wuce wurin. Shayi ma ta gano dabararsa, sai a matse gwangwanin madara tsakanin gwiwoyi a buɗe. Wanka dai ga shi nan, ba yabo ba fallasa. Amma zip da ɗaurin kallabi da matse tsumma, waɗannan sun ce ba da su ba. Jiya ta lanƙwasa ƙarfen rataye kaya ta maƙala a bakin zip, ta ja, ya yage mata riga mai kyau.

Ta kalli agogo, shida da rabi. Ta kwance gyalen, ta kai hannun dama baya, wani zafi ya tsarga mata daga kafaɗa har cikin kunne. Ta ja zip ɗin da ƙarfin hali. Babu wanda ya ji ƙarar da ta yi, don ɗakuna biyun nan da ke hawa na uku ba su da mai numfashi sai ita.

Shekara ashirin da biyu Sista tana aiki a ɗakin tiyata tare da Likita, mutumin da ba ya taɓa komai a jikin ɗan'adam sai kafaɗa. Ita ke miƙa masa kayan aiki, ita ke ɗinka masa faci, ita ke riƙe hannun mara lafiya a sama awa biyu, awa uku, ba motsi. Su dai sun warke sun tafi, tata kafaɗar ce ta ji jiki. Wata biyar da suka wuce ta sulale zuwa wani asibiti inda ba a san ta ba, aka ɗauki hoto. Ba ta jira bayanin kowa ba. Tana ɗaga hoton a haske ta gani da idonta: jijiyar da ke ɗaga hannu ta tsinke daga jikin ƙashi, ta ja baya, ta yi nisan da ba za a iya jawo ta ba. Sai dai a yanko tantani daga cinya a yi faci. Bayan faci kuwa, sati shida hannu na rataye, ko cokali ba a yarda ya ɗaga ba.

Ba aikin take tsoro ba. Doka ce ta tsaya mata a wuya. Likita ba ya sa sunan kowa a jerin aiki sai an kawo masa wanda zai yi jinya, ya gan shi ido da ido. Abin haushin, ba shi ya ƙirƙiro dokar ba, ita ce. Shekara tara ke nan wata mata ta rubuta sunan 'yar da ba ta da ita, aka yi mata aiki mai kyau, ta koma gida ita kaɗai, a kwana na takwas ta sauke tukunya daga wuta, facin ya ɓalle. Sista ce ta buga tebur a ofis ta ce daga yau ba takarda za a duba ba, mutum za a gani. Tun daga nan ta mayar da mutane da yawa gida, wasu har da hawaye, ita kuwa ko a jikinta.

To ita wa za ta kawo? Aure ta taɓa yi, shekara uku, ya ƙare ba faɗa ba haihuwa. Wadda ta rage mata a duniya Yaya ce, can ɗaya gefen gari, kuma rabonsu da wata magana mai tsawo tun rasuwar Inna shekara huɗu da suka wuce. Wata goma sha huɗu Inna ta yi a kwance. Yaya ce ta yi juyi, ta yi wanka, ta yi wanki, ita da ba ta taɓa shiga ajin koyon jinya ba. Sista, nas ɗin gidan guda, sai ranar Lahadi take leƙawa da ledar magani, ido na kan waya. Ranar da Inna ta cika Sista na tsaye a tiyata riƙe da hannun wani. Yaya ba ta zage ta ba. Cewa kawai ta yi, “Kin zo? Ai an gama.”

A motar haya ba ta sami wurin zama ba. Ta kama ƙarfen sama da hannun hagu, ta manne na dama a jikinta, duk ramin da direba ya faɗa sai ta runtse ido.

Mara lafiyan yau mai fenti ne, ƙato, shekara talatin yana shafa silin ɗin mutane hannu a sama. A baranda ta wuce matarsa, wata gajeriyar mace zaune da jaka a cinya, ta rungume ta kamar za a ƙwace.

“Sista, yau ma fuskar a ɗaure?” in ji likitan da ke sa barci, wanda kowa ke kira Sarkin Barci. “Ki sake ta mana. Ni kaɗai aka ba izinin sa mutane shiru a ɗakin nan.”

“Kai dai kula da naka, kar ya farka ya ce silin ɗinmu na son fenti.”

Likita ya shigo hannuwa a sama, ta sa masa riga da safar hannu. Shi ba mai yawan magana ba ne, in ka ji bakinsa to da aikin yake. Ya huda ƙananan ƙofofi a kafaɗar, ya zura kyamara, cikin gaɓar ya bayyana a allo. Kan ƙashin ya fito fili sumul, babu ko zaren jijiya a kansa.

“Kamar kaina,” Sarkin Barci ya ce yana shafa sanƙonsa ta saman hula.

Likita bai yi dariya ba. Ya kama bakin jijiyar ya ja, ta ƙi zuwa. “Ba za ta kai ba. In na tilasta mata, cikin wata guda ta tsinke. Faci za mu yi.” Ya kankare fuskar ƙashin a hankali har jini ya fara tsattsafowa, don in bai yi jini ba facin ba ya kamawa. Ya kafa ƙananan ƙusoshi masu ɗauke da zare, biyu ta ciki, biyu ta waje. Kowane zare ya fito sai Sista ta karɓa ta ware, shuɗi nan, fari can, ta maƙale kowanne a wurinsa. Zare biyu in suka harɗe a cikin kafaɗa, rabin awa ta tafi a banza, kuma a hannunta hakan bai taɓa faruwa ba.

Daga cinyar mutumin Likita ya yanko tantanin, fari mai sheƙi, ya ɗan fi tafin hannu tsawo. Ta naɗe shi a bandeji mai ruwan gishiri don kar ya bushe, ta ajiye a teburinta.

“Ɗaga mini hannun, zan yi awo.”

Nan ne wurin da aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Dole hannun ya ɗan buɗe daga jiki, daidai tsayin da za a ƙulle facin a kai. In aka auna hannu ya yi sama da yawa, facin zai gajarta, ranar da aka sauke hannun ya yage. In aka auna ya yi ƙasa, facin zai yi tsawo, ya zauna sakwa-sakwa bai riƙe komai ba. Sista ta riƙe wannan tsayin har jikinta ya haddace shi, shi ya sa tuni Likita ya daina dubawa.

Ta tallabi gwiwar hannun mai fenti. Kai, hannun nan da nauyi yake! Minti na farko ta daure. Sai jini ya rufe allo, Likita ya tsaya wankewa. Minti uku, minti biyar. Kafaɗarta ta ɗauki wuta, gumi ya gangaro mata ta cikin takunkumi. Ta yi ta maza, ta ƙara tura hannun hagu ƙasa. Can sai hannunta na dama ya saki da kansa, ba ƙara ba komai, gwiwar mai fenti ta sauka kamar faɗin yatsu uku ta jingina da cikinta. Zannuwan tiyata sun rufe wurin. Idon kowa na kan allo.

“Tsawo biyar da rabi,” Likita ya ce. “Faɗi uku. Ajiye, je ki haɗa.”

Ta koma teburinta. Ta shimfiɗa tantanin, ta ninka biyu, ta sake ninkawa har ya yi kaurin da ake so. Ta ɗauki alƙalamin zane da ma'auni, ta tsaya.

Babu wanda ya gani. In ta zana biyar da rabi, facin zai shiga, a ƙulle, a rufe, kowa ya yi wa kowa sannu. Sai nan da wata shida mai fenti zai dawo hannu bai wuce ƙirji ba, a ce ai wani jikin ba ya karɓa, haka Allah ya so. Ita ma ta sha faɗa wa mutane hakan. In kuwa ta buɗe baki, to abin da ta ɓoye shekara guda ya fito, kuma daga nan sai takardar mai jinya, wadda ba ta da sunan da za ta sa a layinta. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana sabuwar nas. Ta tuna gajeriyar matar da ke baranda da jakarta.

“Likita,” ta ce, “a sake awo.”

“Me ya faru?”

“Hannun ya sauka lokacin da kake aunawa.”

Ya juyo. “Ya sauka, ko kin sauke?”

“Ya sauka.”

Ya daɗe yana kallonta ta saman takunkumi, ba fuskarta ba, kafaɗarta. Sarkin Barci ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa, ya koma duba na'urarsa. Likita ya ce wa ɗaya nas ɗin da ke zirga-zirga ta je ta wanke hannu ta zo ta riƙe. Minti goma suka tsaya jira. Aka ɗaga hannun yadda ya kamata, Sista na gyara mata tsayin da baki. Ya sake aunawa.

“Biyar daidai.”

Rabin santimita, bai fi faɗin ƙwayar wake ba. Ta zana, ta yanke. Wannan aikin na tebur ne, gwiwar hannu a jiki, nan kam har yanzu babu mai kama ƙafarta. Ta bi gefen facin da ɗinki ƙanana don kar ninkin ya zame, ta zana kibiya a samansa don a san gaba da baya in ya shiga ciki. Ta zura zarurrukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a hujinsa, ta naɗe facin kamar tabarma ta miƙa. Likita ya tura shi ta ƙofar, ya warware a allo ya kwanta lafiya lau. Ya ƙulle na ciki tukuna, sannan na waje, bai matse da yawa ba. Da aka sauke hannun a hankali facin ya miƙe tsaf, ya rufe kan ƙashin.

“To, an yi wa sanƙo hula,” Sarkin Barci ya ce ƙasa-ƙasa.

Bayan an fitar da mara lafiya Likita ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa.

“Ɗaga hannunki.”

Ta ɗaga, ya tsaya a ƙirji. Ya kama shi da kansa ya kai daidai kafaɗa. “Riƙe.” Yana saki hannun ya faɗo ya bugi cinyarta.

“Tun yaushe?”

“Shekara da ɗan wani abu.”

“Hoto fa?”

Ta ciro daga jaka, don wata biyar ke nan tana yawo da shi. Ya ɗaga a taga ya duba, ya girgiza kai. “Haba Sista. Ke zan yi wa bayani? Naman ya fara komawa kitse. In kika ƙara wata uku, ko facin ba zai ba ki abin da kike so ba. Talata ta sama akwai gurbi.” Ya jawo takardar daga aljihun tebur, takardar da ita ta tsara da hannunta, ya tura gabanta. “Wa zai zauna da ke?”

Ta ga yadda tambayar ta ba shi kunya bayan ta fita daga bakinsa. Shekara ashirin da biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ya san lambar safar hannunta, bai san ko da wa take zaune ba. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

“Na gwada, Likita,” ta ce da sauri. “Kwana goma sha ɗaya ina ɗaure hannun da safe. Na iya wanka, na iya shayi, na iya kusan komai. Zan nemi riguna masu maɓalli a gaba.”

“Kusan komai.”

“Ni na san abin da ba a yi. Ba zan ɗaga tukunya ba.”

“Waccan matar ma ta sani, ke kika koya mata.” Ya cire tabarau ya murza ido. “Dokarki ce. Bara na ce mu sassauta, kika ce sam. Ki kawo mini mutum kafin Juma'a. Kuma daga yau ba ke ba riƙe hannu.”

Ta ninke takardar ta sa a aljihu. Har ta kama ƙofa ya ce, “Abin da kika yi ɗazu…” Ta jira. Bai ƙarasa ba, ya ɗaga mata hannu kawai.

Da la'asar ta shiga ɗakin marasa lafiya don aikin da take yi bayan kowace tiyata, wato koya wa mai jinya yadda ake sa wa mutum riga ba tare da an motsa kafaɗa ba. Mai fenti na ta sharar barci, hannu a cikin maratayi. Matarsa ta miƙe tsaye tana zuba godiya.

“Sista, sannunku da aiki, Allah ya saka. Ni fa tun safe ko ruwa ya ƙi wuce mini. Baban yaran nan ko allura ba ya so, amma ya iya cika baki.”

“Kin zo da riga mai maɓalli?”

Matar ta zaro wata daga jaka, wankakkiya, a goge, amma da ɗigon fenti shuɗi a aljihu wanda ya ƙi fita. A ka'ida Sista kan kira wata nas ta zauna a gwada a kanta. Ta leƙa, kowa na fama da nasa. Sai ta jawo kujera ta zauna.

“Ki ɗauka ni ce shi. Wannan hannun na dama a mace yake, ba zai taimake ki ba. Da shi ake farawa. Ki kawo rigar wurin hannun, kar ki kai hannun wurin rigar.”

Ta saki hannun ya rataya. Matar ta durƙusa, ta tattare hannun rigar, ta zura yatsun Sista a ciki. Tafinta da ɗumi, yana ƙamshin sabulu. Ba tare da an gaya mata ba ta sa ɗaya tafin ta tallabi gwiwar hannun, ta ɗauke masa nauyinsa gaba ɗaya. Zafin da ya zauna a kafaɗar Sista tun safe ya lafa.

“Sannu,” matar ke cewa a hankali, ta manta gwaji ne. “Sannu, an kusa.”

Ta zagayo da rigar ta baya, ta sa hannun hagu, ta dawo gaba ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya. Ta gyara kwala. Ta ga wani gashi ya leƙo ta gefen hula, ta tura shi ciki da yatsa.

“Na iya?”

Sista na kallon ƙasa. Tun tana 'yar firamare, lokacin da Yaya ke shirya ta makaranta tana mita, rabon da wani ya ɓalla mata maɓalli.

“Sake yi,” ta ce.

Matar ta cire, ta sake, a hankali fiye da na farko. Da ta kai maɓallin ƙarshe ta ɗan ja baya. “Yanzu fa?”

“Kin iya. Tun na farkon ma kin iya.”

Matar ta dube ta. “Sista, hannun nan naki ba kwaikwayo yake ba, ko? Na ji yadda kika ɗauke numfashi. Ku ma'aikatan asibiti ba kwa kula da kanku, wallahi. Ki bari a duba miki.”

“Ina zuwa,” Sista ta ce, ta miƙe.

Ta bi baranda har ƙarshe, inda taga ke kallon wurin ajiye motoci. Ta ciro waya da hannun hagu. Lambar tana nan, ba ta taɓa gogewa ba. Ta danna kafin zuciyarta ta ba ta wata shawarar. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar.

“Wa ya rasu?” Muryar Yaya ce, ko gaisuwa babu.

“Babu wanda ya rasu, Yaya.”

“To me ya faru?”

“Kafaɗata ce. Za a yi mini aiki ranar Talata.” Ta matse wayar a kunne. “Sati shida ba zan iya sa wa kaina riga ba. Kuma ba za su yi ba sai sun ga wanda zai zauna da ni.”

Ta wayar tana jin famfo na zuba a bokiti, can aka kashe shi.

“Sati shida,” Yaya ta ce. “Inna wata goma sha huɗu ta yi.”

“Na sani, Yaya.”

Ta tsaya a bakin tagar cikin rigar mai fenti, maɓalli har wuya, wayar manne da kunne. Tana jin numfashin Yaya. Yaya ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma kashe wayar ba. Sista ta gyara tsayuwa ta ci gaba da jira.